BIOFACH: Darasin Baje Kolin Jamus Ga Manoman Arewa

A watan Fabrairu, birnin Nuremberg na Jamus kan karɓi baƙuncin BIOFACH, baje kolin abincin da aka noma ba da takin zamani ba. Abin da ke tashe yanzu shi ne abincin tsirrai zalla, da bin diddigin kaya tun daga gona.

Nan gizo ke saƙar. Riɗi, zoɓo da cittar Arewa suna da farin jini, amma takardar shaidar inganci ta fi ƙarfin ƙaramin manomi. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da waken Najeriya saboda ragowar maganin ƙwari. Matuƙar gwamnati ba ta tallafa wa ƙungiyoyin manoma su sami shaidar ba, dillalai ne za su ci gaba da kwashe ribar.