Masu Horar Da 'Yan Ƙwallo Su Iya Bakinsu

Yau kuma maganar ƙwallon ƙafa za mu taɓa, kuma tun da wuri ina neman afuwar masoya Jose Mourinho da ke cikinmu, domin na san suna da yawa a nan Galtimari.

Abin da ya ja ni ga wannan rubutu shi ne wata 'yar hatsaniya da ta faru a wani gidan kallo da ke kusa da mu. An tashi wasa lami lafiya, har an fara watsewa, sai aka nuno kocin kulob ɗin da aka ci yana hira da 'yan jarida, ya ce alƙalin wasa ne ya yi musu fashi. Ai kuwa sai wani yaro ya ɗauki maganar ya yaɓa wa abokinsa, shi ma ya rama, kafin ka ce kwabo an ɗaga benci. Yaran nan biyu layi ɗaya suke, ɗaya ɗanmu ne Bahaushe, ɗayan kuma ɗan masu masaukinmu ne Barebari. Washegari sai da dattawan unguwa suka zauna, domin maganar ta fara sauya launi, ta tashi daga ƙwallo tana neman komawa ta ƙabila. Shi kuwa wanda ya kunna wutar yana can Turai, bai ma san da wani gari mai suna Maiduguri ba.

To ni abin da nake cewa shi ne, bakin koci yana cikin aikinsa, kamar yadda tsara 'yan wasa yake cikin aikinsa. Duk wanda zai yi magana miliyoyin mutane su ji, kuma ya san cikin masu sauraronsa akwai waɗanda ransu ya gama ɓaci, to ba shi da hujjar cewa shi dai ra'ayinsa kawai ya faɗa.

Mai karatu, mu tuna abin da ya faru a watan Fabrairun 2005. Chelsea ta je gidan Barcelona a gasar Zakarun Turai, aka ci ta 2 da 1, aka kuma ba Didier Drogba jan kati. Bayan wasa sai Mourinho ya fito ya ce kocin Barcelona, Frank Rijkaard, ya shiga ɗakin alƙalin wasa Anders Frisk a lokacin hutun rabin lokaci. Bai ce an sayi alƙali ƙarara ba, amma kowa ya gane inda ya dosa. Daga nan aka yi ta yi wa Frisk da iyalinsa barazanar kisa, a watan Maris ya ajiye usur ɗinsa gaba ɗaya yana ɗan shekara 42. Mutumin da ya busa wasan ƙarshe na gasar ƙasashen Turai ta 2000 ke nan fa. Daga baya Mourinho ya amsa cewa shi bai gani da idonsa ba, mataimakansa ne suka faɗa masa. Hukuncin da hukumar UEFA ta yanke masa? Dakatarwa wasa biyu da 'yar tara. Wato shi ya huta wasa biyu, wancan kuma ya rabu da sana'arsa har abada.

Da a ce ya ɗauki darasi da sai mu ce kuskure ne. Ina! Bayan shekara 18, ranar 31 ga Mayun 2023, Sevilla ta doke Roma a bugun fenareti a wasan ƙarshe na gasar Europa a birnin Budapest. Mourinho, yana kocin Roma, ya tsaya a wurin ajiye motoci yana jiran alƙalin wasa Anthony Taylor, ya zazzaga masa baƙar magana a gaban kyamara. Washegari magoya bayan Roma suka yi wa Taylor da iyalinsa ƙawanya a filin jirgin sama, har da jifa da kujera. Aka dakatar da Mourinho wasa huɗu. Ko akwai wanda zai rantse cewa babu alaƙa tsakanin abin da aka yi daren jiya da abin da ya biyo baya da safe?

Kada wani ya ce wannan ai matsalar Turawa ce. Mu dawo gida, ga Kano Pillars, kulob ɗin da yawancinmu muke so tun muna yara, wanda ya ci kofin ƙasa sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. A watan Yunin 2019, a filin wasa na Agege a Legas, an tashi 1 da 1 da Rangers ta Inugu, sai kyaftin Rabi'u Ali ya tunkari alƙalin wasa cikin fushi, magoya baya suna ganin haka suka afko fili. An dakatar da shi wasa 12, aka ci kulob tarar naira miliyan 8. A 2022 kuma, bayan rikicin da aka yi a wasa da Katsina United a filin Sani Abacha, sai ga shugaban kulob ɗin na lokacin da kansa ya kai wa mataimakin alƙali hannu a wasa da Dakkada. An zaftare wa Pillars maki, a ƙarshen kakar nan ta faɗo daga rukunin manya. Na san waɗannan biyun ba koci ba ne, amma jirgi ɗaya ya ɗebo su: manyan kulob ne, su ake kallo. In babba ya nuna yatsa, yaro dutse zai ɗauka.

Na san abin da wasu za su ce mini. Za su ce, Malam, kai ba ka san alƙalancin ƙasar nan ba ne? Wani lafarin da gangan yake kashe wasa, kana so koci ya yi shiru a cuce shi? Ban ce haka ba. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Akwai alƙalan da ya kamata a ƙwace musu usur. Amma akwai bambanci tsakanin koci ya ce alƙali ya yi kuskure a minti kaza, da kuma ya ce an saye shi. Na farko gyara ne, ana iya duba hoton wasan a tantance. Na biyu tuhuma ce, in yana da shaida ya rubuta wa hukumar gasa, in babu ya kama bakinsa. Kuma sau da yawa, in muka faɗa wa kanmu gaskiya, koci yana zagin alƙali ne don kada a tambaye shi me ya sa 'yan wasansa suka kasa. Yana kare kujerarsa ne da lafiyar wani.

Wasu kuma za su ce kowa ya yi jifa shi ke da laifinsa. Haka ne, a kama shi a hukunta shi. Amma wanda ya zuba fetur ba zai wanke kansa da cewa ba shi ya ƙyasta ashana ba.

Mu da muke zaune a garin wasu mun fi kowa sanin tsadar irin wannan magana. El-Kanemi Warriors kulob ɗin masu masaukinmu ne, ya ci kofin ƙalubale a 1991 da 1992, ya sake ci a 2024. Ranar da zai kara da Pillars, za ka ga gida ɗaya ya rabu biyu, uba na Pillars, 'ya'yan da aka haifa a nan na El-Kanemi, ana ta raha. Koci ɗaya mai sakin baki, daga nan ko daga can, ya isa ya ɓata wannan. Shi zai shige motar kulob da rakiyar 'yan sanda ya tafi, mu ne za mu wayi gari mu buɗe shago a Monday Market kusa da wanda aka ce maƙiyinmu ne. Garin nan ya ga tashin hankalin da ya sa El-Kanemi ta yi shekaru tana buga wasanninta na gida a wasu garuruwa. Ba mu da sauran zaman lafiyar da za mu yi wasa da shi.

Kuma ana iya yin abin da ya dace. A watan Oktoban 2025, da magoya bayan Pillars suka far wa alƙalai bayan Shooting Stars ta farke ƙwallo a ƙarshen wasa a Kano, Ahmed Musa, a matsayinsa na babban manajan kulob, ya fito ya ba da haƙuri a bainar jama'a. Haka ya kamata babba ya yi, sai dai da a ce irin wannan murya ake ji tun kafin wasa da ya fi.

Don haka ina kira ga hukumar gasar ƙasa da ta riƙa ɗaukar furucin koci ko shugaban kulob a rediyo da gaban 'yan jarida kamar yadda take ɗaukar jifa a fili. Tara ba ta damun kulob ɗin da gwamnatin jiha ke biya wa, a taɓa maki, a dakatar da mai bakin na tsawon lokaci. Ku kuma masu gidajen kallo, in an busa tashi ku kashe talabijin, ba dole sai an ji hirar ba. Mu iyaye kuma mu daina tafa wa mai zagi muna cewa jarumi ne, yaranmu na jin mu. Magana zarar bunu ce.

A nan zan dakata, sai wani jiƙon in Allah ya kai mu. Allah ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, amin.