Radon da farashin hatsi

Da an ambaci iskar radon mai tashi daga tulin sharar uraniyom da mahaƙar COMINAK ta bari a Akokan, kusa da Arlit, bayan rufewarta a 2021, sai ku ji ana cewa a kawo na'ura a auna. Ni kam awo ɗaya bai ishe ni ba. Radon kan taru da asuba in iska ta kwanta, ya watse da rana ta take. Mai hatsi a kasuwar Bambeye ma ba ya kukan tsada sai ya tuna nawa tiya take bara war haka. Masu lissafi haka suke yi: su tara awon shekaru, dare da rana, rani da damina, sannan in lamba ta yi tsalle su bi sawunta. Irin wannan rajistar awon radon nake son gani a Tawa, inda motocin uraniyom na Arlit suka daɗe suna ratsawa.