Ra'ayinmu: Kafaɗar Malami Ma Kayan Aiki Ce

Duk ranar da mai duba makarantu ya buɗe rajista ya tarar malami bai sa hannu ba, kalma ɗaya yake rubutawa: fashi. Babu gurbin da zai rubuta cewa malamin ya wayi gari wuyansa ya sanƙare, hannunsa ya ƙi ɗaguwa. Daga Bebeji zuwa Kiru, daga Tudun Wada zuwa Doguwa, da wuya a sami makarantar da ba ta san wannan ciwo ba.

Sababinsa ba ɓoyayye ba ne. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, amma da yawanmu muna riƙe da ninkin haka. Idan littafi ya yi ƙaranci, allo ne littafin, sai malami ya yini hannunsa a sama da kafaɗa yana rubutu. Daga nan ya sunkuya kan tarin littattafan yara yana gyarawa a kan cinya, domin babu tebur. Wanda aka tura wajen Riruwai ya sha girgizar babur kafin ya iso aji. Da yamma kuma fartanya na jiran malami, turmi da guga na jiran malama. Damuwar bashi ita ma tana ɗaure jijiyar wuya.

Mu ma da namu laifin. Mukan haɗiyi ƙwayar kemis, mu yi ƙaho, mu daure, har ciwon kwana biyu ya zama jinyar wata guda. Jiki magayi. Wanda ya ji hannunsa na mutuwa ko ƙarfinsa na raguwa, ya nufi asibiti. Idan ciwon hannun hagu ya haɗu da na ƙirji, kada a jira gari ya waye.

Tunda gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2024, muna kira ga SUBEB ta sa teburin malami da ƙarin ma'aikata cikin lissafinta. Shugabannin makarantu su karɓi takardar likita da mutunci. 'Yan uwa kuma su yi amfani da tsarin KSCHMA da ake cire mana kuɗinsa daga albashi, su kai rahoton kowane ciwo ga wakilin ƙungiya, domin mu tunkari hukuma da hujja a rubuce.

Ku kuma iyalanmu, in kun ga maigida ko uwargida na dafe wuya, ku matsa musu su ga likita tun da wuri. Allah Ya ƙara mana lafiya.