Wahalar da ba ta zama ta banza ba

A shekara ta 2015 wani magidanci mutumin Ingila ya shiga gasar juriya a ƙasar Danmak. Ya yi iyo na kilomita 3,8 yana jan ɗansa cikin ɗan jirgin ruwa, ya tuƙa keke kilomita 180 da yaron, sannan ya yi gudun kilomita 42 yana tura shi cikin keken guragu, duk a yini guda. Ba lambar yabo yake nema ba. Ɗan nasa na fama da ciwon lalacewar tsoka, shi kuwa uban kuɗin bincike yake tarawa.

Wannan ciwo yana da iri-iri, amma wanda aka fi sani shi ne mai sunan Dushen, likitan Faransa da ya bayyana shi a ƙarni na 19. Ba shan-inna ba ne, ba sammu ba ne, ba a kuma ɗaukarsa daga wani. Gado ne da ke cikin ƙwayar halitta, yana kama kimanin yaro namiji 1 cikin 3.500 zuwa 5.000, a kowace kabila. Tun yana shekara 3 zuwa 5 za a ga yaro yana yawan faɗuwa, in zai tashi sai ya dafa gwiwa. Wajen shekara 12 tafiya ta gagare shi, daga baya ciwon ya kai ga numfashi da zuciya.

Wasu na cewa: mene ne amfanin azabtar da jiki? Mai niyyar taimako ya ba da kuɗinsa kawai mana! Maganar tana da kamar gaskiya, amma mu ba mu yarda da ita ba. Ciwon da bai yawaita ba, ba shi da mai yi masa shela. Ba ya cika asibiti kamar ƙyanda, balle hukuma ta firgita. Sai wani ya yi abin da zai sa jama'a su waiwayo, sannan hannu ya shiga aljihu.

Tarihi ya shaida haka. A 1986 masana a Boston ta Amurka suka gano ƙwayar gadon da ke haddasa ciwon. A 1987 ƙungiyar iyayen marasa lafiya ta Faransa ta shirya Teleton na farko a talabijin, aka tara faran miliyan 181 na lokacin. Da irin wannan kuɗi aka buɗe ɗakin bincike na Jeneton a 1990, wanda ya fitar da taswirorin farko na ƙwayoyin gadon ɗan Adam a 1992. Da ɗaya-ɗaya gero ke cika rumbu.

Amma kada murna ta rufe mana ido. Har yau ba a sami maganin da ke warkar da ciwon ba. Magungunan da ake da su jinkirta shi suke yi. Wanda Amurka ta amince da shi a 2023, mai gyaran ƙwayar gado, kuɗinsa ya haura dalar Amurka miliyan 3 ga yaro guda, kuma a 2025 an sami waɗanda suka rasu da ciwon hanta bayan an yi musu shi.

Saboda haka muna da kira uku. Masu tara gudummawa su bayyana wa jama'a abin da aka samu da inda ya shiga, domin amana ce. Ma'aikatan hukuma su tuna cewa jaruntakar mutum ɗaya ba ta sauke musu nauyin kula da naƙasassu da makarantarsu ba. Iyaye kuma, in kun ga waɗannan alamu, ku kai yaro asibiti da wuri, kada ku ɓoye shi a ɗaki, kada kuma a zargi uwa kan abin da ba ita ta zaɓa ba.

Wancan uba ya gama gudunsa a yini guda. Ɗansa da ire-irensa kullum cikin nasu suke. Kada mu bar su su kaɗai.