Duniya makaranta: Gadar Gaya da tiyon mai

Manomin Zabori da ya je kasuwa a damanar 2023 ya tarar shinkafa da man girki sun tashi. Ruwa ba ya tsami banza. Dalilin yana can gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil a kan kogin Isa.

Nijar ba ta da bakin teku. Har zuwa 2023, yawancin kayan da take saye a waje, a tashar Kwatano ta ƙasar Benin ake sauke su. Kamiyo ya ɗauko su, ya hau gadar Gaya, ya wuce Doso da Yamai. Wanda ya rufe wannan gada ya riƙe wuyan kasuwa ke nan.

Ranar 26 ga Yuli 2023 soja suka karɓi mulki a Yamai. Ranar 30 ga watan, shugabannin CEDEAO suka taru a Abuja, suka sa ma Nijar takunkumi. Takunkumi shi ne a hana ƙasa ciniki don a matsa mata. Aka rufe iyakoki. Kamiyoyi suka yi jerin gwano a Malanbil. Najeriya ta yanke wutar lantarki, alhali kusan kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga can take zuwa. Ba a harba bindiga ba, amma talaka ya ji a jikinsa.

An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024. A watan Maris iyakar Najeriya ta buɗe, hanyar Kamba ta samu. Benin ma ta buɗe nata gefe. Nijar kuwa ta bar gadar Gaya a rufe, ta ce saboda tsaro ne. Ƴan kasuwa suka koma ɗauko kaya daga tashar Lome ta Togo, su ratso Burkina Faso. Hanyar ta fi tsawo, ta fi haɗari. Kuɗin wannan zagaye, mai saye ne ke biyan shi a kan tiya.

To, sai maganar mai ta shigo. Kamfanin CNPC na ƙasar Sin ya shimfiɗa babban tiyo daga Agadem, cikin jihar Difa, har bakin teku a Seme, kusa da Kwatano. Tsawonsa ya kusa kilomita 2000, kuma ta yankin Gaya yake shiga Benin. An yi shi don ya kai ganga 90.000 kowace rana. A watan Afrilu 2024 kamfanin ya ba Nijar rancen dalar Amurka miliyan 400, a biya da kuɗin man. Kamar ɗan kasuwa ne da ke ba manomi kuɗi tun gero yana gona. Rancen yana fitar da mutum kunya, amma da kaka mai kuɗin ne ke fara awo.

A watan Mayu 2024 shugaban Benin Patrice Talon ya hana a loda man Nijar cikin jirgi. Ya ce sai an buɗe iyaka tukuna. Sinawa suka shiga tsakani, don dukiyarsu ce ke kwance. Jirgi na farko ya yi lodi a cikin watan. A watan Yuni aka kama ƴan Nijar 5 a Seme, Nijar ta toshe tiyon daga gefenta. Tsoffin shugabannin Benin biyu, Soglo da Boni Yayi, suka zo Yamai neman sulhu. A watan Agusta aka ci gaba da lodi. Amma 2024 ta ƙare gadar ba ta buɗe ba, mutane na ƙetare kogi da kwale-kwale.

Kowa da abin da ya riƙe. Benin na da teku, Nijar na da mai da gada, Najeriya na da wuta, kamfani na da kuɗi. Kowane ya ja nasa, ɗaya ya ji zafi, shi ma ya yi asara. Tashar Kwatano ta rasa kayan Nijar, Nijar ta rasa gajerar hanya.

Abin ba sabo ba ne. Tsofaffi na tune da 1984, lokacin da Janar Buhari ya rufe iyakar Najeriya ana cikin fari. Har aka laƙa ma yunwar shekarar sunansa. An sake rufewa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 saboda shinkafar fasa-ƙwauri.

Hatsi ma ya shiga cikin lissafin. A watan Oktoba 2024 Nijar ta hana fitar da gero, dawa, wake, masara da shinkafa, sai dai zuwa Mali da Burkina.

Manomi ba shi ke rufe iyaka ba, ba shi ke buɗe ta ba. Amma rumbu a hannunsa yake. Kada ya sayar da duk hatsinsa da kaka. Kada ya ci bashi a kan geron da bai nuna ba. Makiyayi ya tanadi harawa da dussa tun suna da sauƙi, kuma ya ji labarin iyaka a rediyo kafin ya kora bisa kasuwar ƙetare. Gari mai bankin hatsi ya riƙe shi da kyau, a rubuta shiga da fita. Ranar da hanya ta toshe, abin da ke cikin rumbu shi iyali za su ci.