Tsoron Faɗuwar Sukari

Kullum ana yi wa mai ciwon sukari gargaɗi kada sukarinsa ya hau. Amma in mun zauna da waɗanda ke yin allurar insulin, ko masu shan ƙwayar nan glibenclamide wadda ake sayarwa da sunan Daonil, za mu tarar abin da ya fi hana su barci shi ne faɗuwarsa. Wanda ya taɓa suma a kasuwa, ko ya farka da tsakar dare jiƙe da gumi bai san inda yake ba, ba ya mantawa.

Wannan tsoro yana da dalili. Ƙwaƙwalwa ba ta da rumbun ajiya, da sukarin da jini ke kawo mata take aiki. In awo ya sauka ƙasa da 70 a na'urar gwaji, watau 3.9 a wani ma'aunin, jiki ya kan fara rawa, gumi ya keto, zuciya ta yi ta bugawa, yunwa ta kama mutum farat ɗaya. In ya sauka ƙasa da 54, magana ta kan sarƙe, tafiya ta zama tangaɗi, mai haƙuri ya kama faɗa ba dalili. A nan ne kunya take shigowa, gama masu wucewa su kan ce maye ne, wasu su ce iska ce ta buge shi. Dattijon da ya riƙe mutuncinsa shekara da shekaru ya gwammace kome da a gan shi haka.

To, ga inda tsoron yake yin ɓarna. Mutum ya kan rage allura a ɓoye, ko ya tsallake ƙwaya, ko ya ƙara tuwo da dare "don ko-ta-kwana". Ya ji sauƙi a ransa, amma sukari ya zauna a sama wata da watanni, yana cin idanu da ƙoda da jijiyoyin ƙafa ba tare da ciwo ba. A shekara ta 1993 aka bayyana sakamakon wani babban bincike a Amurka da Kanada a kan mutum 1,441 masu yin allura. Waɗanda suka tsare sukarinsu kusa da daidai sun sami ragin lalacewar ido da ƙoda ƙwarai, amma faɗuwa mai tsanani ta same su wajen ninki 3. Ke nan haɗarin nan biyu gaskiya ne. Tun 1987 masana a Jami'ar Bajiniya ta Amurka suka shirya takardar tambayoyi musamman don auna wannan tsoro, domin sun ga yana ɓata magani.

A ganinmu, faɗa ba ya warkar da shi. Uwargida da ta gane maigida yana rage allura, in ta hau shi da faɗa, sai ya ƙara ɓoyewa. Abin da ke rage tsoro shi ne mutum ya san faɗuwar tana da sanadi, ba haka kawai take zuwa ba. Yawanci an sha magani ne ba a ci abinci ba, ko abincin ya makara, ko an yi aikin ƙarfi kamar noma da doguwar tafiya. Giya da burukutu su kan hana hanta sakin sukarin da ta ajiye, har faɗuwar ta zo cikin barci. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da maganin kwinin su ma suna saukar da shi. Mai shan metformin kaɗai kuwa, da wuya abin ya same shi, kada ya ɗauki tsoron da ba nasa ba. Batun azumi kuma, ko na ikilisiya ne, mai allura ko mai Daonil ya fara tambayar likita tukuna.

In alamun sun zo kuma mutum yana iya haɗiya, a ba shi sukari cokalin shayi 3 cikin ruwa, ko zuma babban cokali ɗaya, ko rabin kofin lemon kwalba mai sukari. A jira minti 15. In bai dawo daidai ba, a sake. In ya dawo, ya ci abinci mai riƙe ciki, ko kunu ko burodi. Yara ma su san wannan, su san inda gwangwanin sukari yake, domin sau da yawa su ne a gida da kaka.

In ya suma, kada a ɗura masa kome a baki, gama zai shaƙe. A kwantar da shi ta gefe, a kai shi asibiti maza, a faɗa musu maganin da yake sha. Mai Daonil, musamman tsoho ko mai ciwon ƙoda, a kai shi ko da ya farfaɗo, domin ƙwayar tana daɗewa a jiki, faɗuwar ta kan komo.

Akwai kuma wanda sukarinsa ya sha faɗuwa har jiki ya daina yi masa gargaɗi, ba rawa, ba gumi, sai ruɗewa kawai. Wannan lalle ya gaya wa likita. In an gyara magani aka kauce wa faɗuwa na 'yan makonni, alamun su kan dawo. Ga tsofaffi ma likitoci su kan sassauta awon da ake nema da gangan.

Saboda haka ran zuwa asibiti, wani daga cikin iyali ya raka mai ciwon, a tafi da ɗan littafi da aka rubuta ranar kowace faɗuwa, da lokacinta, da abin da aka ci kafin ta zo. In an rage allura a gida, a faɗa. A aljihunsa kuma ya riƙa ɗaukar ƙwayar sukari 4, da 'yar takarda mai cewa yana da ciwon sukari, in an same shi a ruɗe a ba shi abu mai zaƙi.