Sautin kiɗa da takun ɗan Adam: kira ga likitocinmu

Duk wanda ya san fada ya san cewa da zarar an busa algaita, ko an buga kotso irin na Narambaɗa, tafiyar jama'a kan sauya. Bafade ya daidaita rawani ya shiga takun ƙasaita, kai ka ce ƙasar ma tasa ce. A dandalin dambe kuwa, kalangun Ɗan Anace ya isa ya sa ɗan dambe ya fito da sassarfa da faɗin kafaɗa. Ƙafar dai ɗaya ce, abin da ya shiga kunne ne ya bambanta.

Mai karatu zai iya cewa ai saurin kiɗan ne kawai, kamar yadda badujala ke jan soja a fareti. Ni ban yarda batun ya tsaya nan ba. A shekarar 2013 Farfesa Marc Leman da abokan aikinsa na Jami'ar Ghent a ƙasar Beljiyam sun sa mutane tafiya da kaɗe-kaɗe iri-iri, dukkansu a kan sauri ɗaya, wato bugu 130 a minti guda. Yawan takun bai sauya ba, amma faɗinsa ya sauya. Kiɗa mai zaburarwa ya sa suna buɗe taku, mai sanyaya zuciya kuma ya sa suna taƙaita shi, ba tare da an umarce su ba. Ashe ke nan ƙafa na bin yanayin da sauti ya jefa zuciya. 'Yan kasuwa sun riga kowa ganewa: tun 1982 Ronald Milliman ya nuna a Amurka cewa kiɗa mai taushi kan sa masu sayayya su rage sauri a babban kanti, ciniki kuma ya ƙaru.

Inda abin ya fi damuna shi ne asibiti. Da wuya a sami zuri'a a Arewa da ba ta da mai fama da shanyewar ɓarin jiki sakamakon hawan jini. Irin waɗannan bayin Allah, da masu cutar karkarwa ta Parkinson, babbar jarrabawarsu ita ce sake koyon tafiya. A 1996 Michael Thaut na Jami'ar Jihar Kolorado ya horar da masu Parkinson da sauti mai bugu daidai na mako uku, saurin tafiyarsu ya ƙaru da kimanin kashi 25 cikin 100. Bayan shekara guda aka ga amfanin dabarar ga masu shanyewar jiki. Ba ta buƙatar na'ura mai tsada. Wayar hannu ta wadatar.

To amma wane sauti? Dattijon da ya girma yana jin gangar noma a gayya, babu abin da kiɗan Turawa zai taɓa a zuciyarsa. Saboda haka nake kira ga sassan gashi na asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da su zauna da masana kiɗan Hausa na jami'o'inmu, a auna bugun kalangu da ganga da kotso, a gwada wanda ya fi ɗaga ƙafar majinyaci. Na san akwai waɗanda ba sa sauraren kiɗa saboda fahimtarsu ta addini, kuma haƙƙinsu ne. Su ma ana iya yi musu da tafi, ko da bugun agogo mai ƙirga lokaci.